Aron Ƙyaure

Yanzu duk layinmu ƙofofin ƙarfe ne. Da safe in aka fara buɗe su sai ka rantse maƙera aka tara a unguwar, wannan ya ce ƙwaram, wancan ya ce garam, ba ka iya gane gidan wa aka buɗe. Mu da muka tashi a Sabon Gari lokacin da ƙyamaren katako ke nan, kowane gida da muryarsa. Ina kwance zan ce an fita daga gidan tela, ko mai injin markaɗe ta leƙo waje. Namu kuwa ya fi na kowa murya, wani dogon nishi yake yi kamar tsoho zai miƙe daga tabarma. Na tsufa, haƙora sun fara sallama da ni ɗaya bayan ɗaya, na manta sunayen mutane da yawa da na ci abinci kwano ɗaya da su, amma wannan nishi ban manta ba. In ya faɗo mini a rai ba daɗi nake ji ba, tsigar jikina ke tashi.

Kakanmu ne ya gina gidan, zamanin da yake dillancin auduga kusa da tashar jirgin ƙasa. Ban san shi ba. Wadda na sani ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun da mahaifiyata ta rasu ina tatata. Ƙaramar mace ce, in ta tsaya a zaure ba ta kai rabin ƙofa ba, amma kaf layin ba mai ɗaga mata murya. Ita ta ce mini wani Banufe ne ya sassaƙa ƙyauren da katakon maɗaci. Alluna ne masu kauri aka jera, aka ɗaure su da ƙarfe da ƙusoshi masu faɗin kai. A jikinsa akwai kunkuru, akwai ƙadangare, akwai takobi, duk sun yi santsi saboda hannun mutane. Ba shi da hinji irin na yanzu. Daga ƙasa yana da dunduniya da ke zaune cikin ramin wani dutse, daga sama kuma ƙaho da ke shiga cikin azara. Ƙarfafa biyu in sun san kansa za su ɗaga shi su zare ba tare da sun kwance komai ba. Aikina ne duk Juma'a in durƙusa in cusa man kaɗanya cikin ramin dutsen da yatsa. Na tsani aikin nan, ga tururuwa, ga ƙura, ga ƙawayena suna wasan gaɗa a waje. In na yi shi sama-sama sai Gwaggo ta dungure mini kai ta ce, "Ke, shafa mai da kyau. Shimfiɗarki ce ta ƙarshe, ko ba ki sani ba?"

Ba wasa take yi ba. A kan ƙyauren nan ake wanke duk wanda ya rasu a gidanmu, kuma ba gidanmu kaɗai ba, duk layin har da na bayanmu. Yana da faɗi, ba ya lanƙwasa, ruwa yana bi ta tsakanin allunan ya sauka. Sai a ɗora shi kan turame biyu a bayan zana, a yi abin da za a yi, a wanke shi, a shanya a rana, a dawo da shi kafin magariba. Tun kafin mutane su saba da ajiye gawa a asibiti, har maƙwabtanmu Kirista sukan zo aro, Gwaggo ba ta taɓa hana kowa ba. Kuma abin yana da ƙa'ida. Masu zuwa ɗauka sallama kawai za su yi su ce, "Mun zo aron ƙyaure." Ba a tambayarsu wa ya rasu. Labarin mutuwa manya ke kai shi, don wataƙila wanda ya tare su a hanya ɗan mamacin ne bai sani ba, ba a so ya ji a bakin samari a tsakiyar titi. Saboda haka in ƙyaure ya fito, kowa sai ya kauce ya sunkuyar da kai, mai ciniki ya dakata, mai rediyo ya kashe. Mu yara mukan ruga cikin gida mu laɓe. Sai an dawo da shi ne mai dawowa zai faɗa wa Gwaggo sunan, ita kuma ta ce Allah ya jiƙansa, ta riƙe a kanta. A kansa aka wanke uwarta da ubanta, a kansa aka wanke mijinta Malam, da 'ya'yanta da ba wanda ya kai aure cikinsu. Ba ta da fili, ba ta da zinari, abin da ta sa rai da shi a duniya shi ne in ranarta ta zo a kwantar da ita inda suka kwanta.

To, sai zamani ya juya. Lokacin wayar hannu ta shigo ke nan, acaɓa ya cika gari, kowa na rushe ginin ƙasa yana sa bulo. Ni kuma mijina ya rasu, na dawo gida da yarana, ina ɗan sayar da atamfa a kasuwa. A lokacin ne muka fara jin wai tsofaffin kayan gida sun zama abin nema. Abin dariya muka ɗauke shi da farko. A ce wai mutum ya bar Abuja ko Legas ya zo neman tagar da gara ta fara ci? Amma sai ga shi ana kwana a tashi a ga gidan wane ba taga, gidan wance an ɓamɓare tasar tagulla da ke manne a tsakiyar rufin zaure, wani gidan da magada suka kulle suka tafi an kwashe har makullai. Masu wayo kuma ba sa sata, zuwa suke da fara'a su ce za su sa maka sabuwar ƙofar ƙarfe mai fenti kyauta, su tafi da tsohuwar don su rage maka shara. Mutane da yawa sun yarda, har da godiya. Wani mai ƙamshin turare ya zo wa Gwaggo da wannan zance, yana shafa kunkurun ƙyaurenmu yana lumshe ido. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "Ɗan nan, in kana son shi ka yi haƙuri, kowa na layin nan zai hau shi. Ka kama haya kusa." Bai gane ba, ya yi dariya. Da ta ɗauko tsintsiya ya gane.

Ranar da abin ya faru ina kasuwa. Abin da zan faɗa daga bakin Gwaggo na ji shi, da bakin Iya Sikira, Bayarabiyar da ke da injin markaɗe a gidan da ke kallon namu, aminiyar Gwaggo ce tun suna amare. Da hantsi ne, rana ta ɗaga, layi cike da mutane. Wasu samari suka zo da kaftani masu tsabta, kawunansu a sunkuye, suka tsaya a bakin zaure suka yi sallama. Babbansu ya ce, "Gwaggo, mun zo aron ƙyaure." Idonta ya riga ya yi yana a lokacin, inuwar mutum take gani ba fuska ba. Ta yi salati, ta dafa bango ta miƙe. Da ta ji suna kokawa da shi, ita da kanta ta koya musu. Ta ce, "Ba haka ba. Ku ɗaga ta ƙasa tukuna, kar ku karya mai ƙaho." Ta shiga ɗaki ta ƙullo musu ganyen magarya da sabulu da ɗan turare kamar yadda take yi wa kowa, ta ce su gaida masu haƙuri. Iya Sikira ta kashe inji. Telan da ke kusurwa, ɗan ƙabilar Ibo, ya tashi daga kan keke ya cire hula ya yi alamar gicciye. Mai shayi ya bar tukunya a wuta ya kama musu suka tsallake kwata. Haka suka ratsa layin daga wannan kai zuwa wancan, mutane na kaucewa suna addu'a, ba wanda ya ɗaga ido ya kalli fuskarsu da kyau.

Dab da azahar na dawo na tarar ba ƙyaure, asabari ne rataye a bakin zaure. Na ce wa ya rasu, Gwaggo ta ce ba a zo da labari ba tukuna. Muka zauna jira. Aka yi azahar ba sanarwa a masallaci. Aka yi la'asar shiru. Nan fa hankalin mutane ya tashi, kuma ba don ƙyaure ba, ba wanda ya kawo sata a ransa. Kowa ya ɗauka mutuwar tasa ce shi ya sa ake ɓoye masa. Mata suka fito ba mayafin kirki suna kiran 'ya'yansu. Masu waya suka yi ta bugawa Kaduna da Kano suna tambayar lafiyar 'yan'uwa, marasa waya suka yi layi a gindin lemar mai buga waya ta kuɗi. Wata maƙwabciyarmu da mijinta direban tirela ne ta zube a ƙofar gidanta tana kuka, ta ce ta san shi ne, a daina yi mata kara. Dattawa suka shiga bin gida-gida. Akwai wani tsoho a ƙarshen layi da ya daɗe yana jinya, ya farka ya ga mutane tsaye a kansa, ya dube su ya ce, "Ba ni ba ne, ku duba gaba." Yanzu in an tuna akan yi dariya. Ranar ba wanda ya yi. Ban taɓa ganin abin tsoro kamar unguwa guda tana yawo tana neman gawarta ba. Sai da rana ta yi ja, aka tabbata kowa na nan da ransa, sannan tela ya ce a hankali, "Mama, anya ba ɓarayi ba ne?"

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce ba a haifi wanda zai ɗauki ƙyauren gawa ya riƙe ba, wataƙila daga Dogarawa suka zo, ko wata unguwa mai nisa, za su dawo da shi. Ta sa aka kai mata tabarma zaure, nan take wuni tana fuskantar asabari, in ta ji takun mutane da yawa sai ta gyara zama. Baffana, ƙanin Gwaggo, ya zo da mai walda da ƙofar ƙarfe, ta ce in sun dawo da shi a ina za a sa? Haka mai walda ya koma da kayansa. Ni abin da ya fi ci mini rai daban ne. Baƙo bai san kalmar da ake faɗa ba. Baƙo bai san ba a tambaya ba. Wanda ya koya musu ɗan layin nan ne, wanda aka wanke uwarsa ko kakarsa a kan katakon nan, wataƙila ma na taɓa goya shi. Har yau ban san ko waye ba, kuma har yau in wani magidanci ya durƙusa yana gaishe ni nakan tsinci kaina ina kallon ƙeyarsa. Allah ya yafe mini zato, amma shi ban yafe masa ba.

Bayan kwanaki wani ɗan acaɓa da ke kai ni kasuwa ya ce ranar ya ga an ɗora wani ƙaton ƙyaure a akori-kura a bakin titi, an rufa masa buhuna, an yi hanyar Samaru. Ya ce akwai wani fili a bayan kasuwar can inda ake tara irin kayan. Ban gaya wa Gwaggo ba, na ɗauki mayafi na hau mota. Na sha tambaya kafin na samu wurin, wani kango ne mai katanga, ba alama a waje. Na shiga. Ƙyamare ne jingine a bango, layi-layi, manya da ƙanana, ba gida ko ɗaya a bayansu. Tagogi a tule, azara a tule, makullai cikin daro kamar an kawo gyaɗa. Na ga wata taga mai koren fenti da na rantse ta ɗakin wata ƙawata ce ta ƙuruciya, ta nan muke miƙa wa juna ƙanzo. Wani kafinta na gefe yana goge wani ƙyaure yana shafa masa mai har yana ƙyalli. Na bi su ɗaya-ɗaya ina shafawa, namu ba ya ciki. Har na juya zan fita, sai na hango wani guntun katako cikin dusar zarto, baƙi, mulmulalle, bai fi damtsena ba. Na ɗauka na kai hanci. Man kaɗanya ne. Dunduniyar ƙyaurenmu ce aka yanke da zarto.

Mai wurin saurayi ne, da ƙaramar riga da waya biyu a hannu, mai ladabi kuwa, har kujera ya ba ni. Na ce ina sauran wannan? Ya ce, "Hajiya, ai ya tafi tun wancan satin. Wani kwastoma ne mai otal a Abuja, tebur na cin abinci yake so, shi ya sa muka yanke ƙasan da saman, za a sa mai ƙafa a ɗora gilas." Na ce ka san ko mene ne? Ya ce, "Aikin Nufawa ne, tsoho sosai." Na ce ba shi na tambaye ka ba. Na gaya masa. Na faɗa masa turame biyu, da zana, da ganyen magarya, na faɗa masa mijina ma a kai aka wanke shi. Kafintan ya ajiye tsumma. Saurayin ya dubi tafin hannunsa ya goga a wando, ya sake gogawa. Can ya ce, "Wallahi Hajiya ni saye na yi. Har abinci mun ci a kai." Na ce ya ba ni sunan otal ɗin, ya ce dillali ne ya zo, shi ma wani ya aiko shi. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ban samu komai bayan wannan ba. Na yi masa Allah ya isa a gaban yaransa, na ƙulle guntun katakon a bakin zane na fito. A mota na yi kuka har wata ɗaliba ta miƙo mini ruwa.

Na so in ɓoye, amma Gwaggo ba a yi mata ƙumbiya-ƙumbiya. Na durƙusa na sa mata guntun a hannu. Ta juya shi, ta shinshina. Sannan ta ce, "Da zarto?" Na ce da zarto. Na gaya mata sauran. Ta ce, "Tebur. Su zauna su ci tuwo a kai." Ta yi wata 'yar dariya da ban so ba. Sai ta fara kiran sunaye, tun daga Inna da Baba, da Malam, da yaranta, ta bi layin gida-gida, mutanen da ni ma na manta an yi su. Ta kai tsawon lokaci tana kira. Da ta gama ta juyo da idanun nan nata da ba sa gani ta ce, "To ni fa, a kan me?" Ta ce a kira mai walda ya sa ƙofarsa. Daga ranar ba ta ƙara zama a zaure ba, abinci ma sai an yi da gaske. Ba ciwo take ba, raguwa kawai take yi, har ta koma kamar yarinya a cikin zane. Abu ɗaya take maimaita mini in ina shafa mata mai a ƙafa: "Kar ku shimfiɗe ni a ƙasa tun ban kai kabari ba. Kar kuma ku ɗora ni kan ƙarfe." Nakan ce to, Gwaggo, alhali ban san yadda zan yi ba.

Da damina ta rasu, da safe, an kwana ana ruwa tsakar gida duk ta jiƙe. Maza suka aiko da bencin mai shayi, siriri, ƙafa ɗaya na rawa, yana ƙarnin ƙwai. Wata ta ce a shimfiɗa leda da tabarma a ƙasa mana, ai yanzu haka kowa ke yi. Na tsaya riƙe da buta, ga alkawari na ɗauka, ga mutane a waje suna jira. Sai Iya Sikira, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta ce a fitar da bencin nan. Ta tattare zane ta zauna daɓas a kan simintin, ta miƙe ƙafafunta, ta dube ni ta ce, "Zo ki zauna nan, ki fuskance ni. Yadda muke ma jariri wanka." Na zauna na miƙe nawa kusa da nata. Matar direban nan ta zauna, wata ma ta zauna, muka jera ƙafafu kamar alluna. Aka ɗauko Gwaggo a lulluɓe aka kwantar mana, kanta a kan ƙaurina. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Mai wanka ta yi bisimilla ta fara zuba ruwa, mai ɗumi, yana ƙamshin magarya, yana bi ta tsakanin ƙafafunmu yana sauka. Ba wadda ta motsa, ko da ƙafa ta yi mana tsami. Har aka gama aka naɗe ta a likkafani, ko yatsarta bai taɓa ƙasa ba.

Cikin matan da muka zauna a simintin nan ranar, ni kaɗai na rage. Nakan zauna da yamma in dubi 'yan matan layin suna wucewa da waya a kunne, yaran kirki ne, suna gaishe ni. Ina dubawa ne in ga wadda za ta miƙe mini ƙafa, har yanzu ban gan ta ba.